Jirgin da muka bari da wanda muka saya

Ranar da na shaida wa Yayana a waya cewa na shiga haɗakar sayen jirgin sama, shiru ya yi har na ɗauka layi ne ya katse. Can sai ya ce, "To, Allah ya sanya alheri, amma ina ka samu kuɗin jirgi?" Na san abin da ya zo masa a rai, irin jiragen nan ne na gwamnoni da manyan attajirai da ake gani a Abuja. Na ce, "Yaya, ka tuna ƙananan jiragen da ke shawagi a kanmu a Palladan muna yara, na ɗaliban kwalejin koyon tuƙin jirgi? To irinsu ne." Nan ya gane. Duk wanda ya tashi a wannan sashe na Zariya ya san ƙararsu, domin tun 1964 kwalejin take nan. Ni kuwa tun ina firamare ƙarar ta shiga raina ba ta fita ba, har Allah ya kai ni jihar Ohayo ta Amurka neman abinci, na tara kuɗi a hankali na yi lasin.

Mu uku ne a haɗakar: ni, da wani malamin makaranta da ya yi ritaya, da wani matashi mai aikin kwamfuta. A 2019 muka fara nema, kuma ba mu yi gardama kan irin jirgin ba. Cessna 172 muke so. Tun 1956 ake sayar da shi, an ƙera sama da 44,000, babu wani jirgi a tarihi da aka ƙera da yawa kamarsa. Amfanin wannan ga talaka shi ne duk filin jirgin da ka sauka akwai bakaniken da ya san cikinsa, kuma kayan gyara ba sa wuya. Sabo dai ba namu ba ne, kuɗinsa ya haura dala 400,000. Tsohon hannu muka nufa, na shekarun 1970.

Na farko da ya ɗauke mana hankali yana wani gari a gaɓar teku a Florida. A hoto sai ka rantse jiya ya fito daga masana'anta: sabon fenti fari da shuɗi, kujerun fata, ga kuma abin da ya fi jan mu, an rubuta cewa awa 600 kacal injin ya yi tun da aka sauke shi aka yi masa gyaran gaba ɗaya. Kamfanin Lycoming, masu ƙera injin, awa 2,000 suka ba da shawara tsakanin saukewa da saukewa. A lissafinmu mun tsinci dami a kala. Muka ba da kafin alƙalami bisa sharaɗin sai bakanikenmu ya duba.

Bakaniken nan dattijo ne, ya haura saba'in, gashinsa fari fat. A tsakaninmu da iyalina Baba nake ce masa, har shi ma ya saba da sunan. Na biya masa kuɗin tafiya muka je tare. Da muka isa, ni ina zagaya jirgin ina shafa fenti, shi ko kallonsa bai yi ba. Kujera ya jawo ya ce a kawo masa littattafan tarihin jirgin. Kowane jirgi yana da su, na gangar jiki daban, na inji daban, kuma duk wanda ya taɓa shi da sifana sai ya rubuta abin da ya yi, da kwanan wata, da adadin awa, ya sa hannu. Baba ya kusa awa biyu yana bin shafi da ɗan yatsa. Daga nan ya kira ni ya nuna mini layi biyu. An sauke injin a 1998. A shekara shida na ƙarshe kuwa, jimlar tashin jirgin bai kai awa 40 ba. Abin da tallar ba ta faɗa ba shi ne, shawarar Lycoming awa 2,000 ce ko shekara 12, duk wanda ya riga.

Ya ce a tayar da injin ya yi zafi, sannan ya kwance filtar baƙin mai. Yana da wani ƙarfe kamar mabuɗin gwangwani, da shi ya yanke bakin filtar ya zaro takardar ciki, mai naɗi-naɗi kamar mahuci. Ya matse man, ya fita da ita rana ya baje a kan wani benci. Ni ban ga komai ba sai baƙi. Ya ce in sunkuya in karkata kai. Sai ga wasu 'yan ƙyalƙyali a cikin lungunan naɗin, kamar an barbaɗa garin kwalli. Ya ciro ɗan maganaɗisu daga aljihun riga ya bi ta kai, da ya ɗago sai ga bakinsa ya yi gashi-gashi da ƙarfe. Bai ce komai ba, ya miƙo mini.

Daga baya ya yi mini bayani a mota. A injin Lycoming, kamshaf, wato sandar da ke buɗe bawul tana rufewa, a sama take zaune, bisa karanshaf. In jirgi ya daɗe bai tashi ba, mai yakan tsiyaye ƙasa ya bar ta tsirara, raɓa da iskar teku mai gishiri su yi aikinsu. Tsatsa ta fara da ɗan ɗigo, ranar da aka tayar da injin ɗigon ya zama rami, ramin ya riƙa cin ƙarfe. Ba a iya ganin kamshaf ɗin sai an cire silinda ɗaya. Muka nemi izinin cirewa a kuɗinmu, mai jirgin ya ƙi. Muka karɓi kafin alƙalaminmu muka juyo. Na yi baƙin ciki ƙwarai, don na riga na sa jirgin nan a rai, na tura wa uwargida hotonsa. Kyan ɗan maciji ne ashe. Sauke inji irin wannan ya wuce dala 20,000, kuma da a kanmu zai faɗo tun ba mu ci moriyar komai ba.

Wanda muka saya, wata uku bayan haka, a hannun wani manomi yake a jihar Indiyana. Samfurin 172M ne na 1975, inji mai ƙarfin doki 150. Fentinsa ya koɗe, jan ya koma kalar ƙasa, kujerar matuƙi an yi mata faci. Awa 1,400 ke kan injin. Amma mutumin kusan kowane mako sai ya tashi, ko da zagayen gonarsa ne, kuma littattafan cikakku ne tun daga ranar da jirgin ya bar masana'antar Cessna a garin Wichita, babu shafin da ya ɓace. Har akwai inda aka rubuta cewa a shekarun 1980 wani ya yi muguwar sauka da tayar gaba, bangon da ke raba inji da mazauni ya lotsa, aka gyara, ga takardar gyaran a maƙale. Matashinmu ya tsorata da wannan. Baba ya ce shi gyaran da aka rubuta ba ya ba shi tsoro, ya leƙa da tocila ya ga aikin ya yi kyau. Ya gwada matsin silinda huɗun, ana hura iska mai ƙarfin 80 a ga nawa kowace za ta riƙe: duka sun haura 70. Filta ta fito tas. Muka sa aka binciki rajistar FAA, hukumar kula da jiragen sama ta Amurka, da ke Oklahoma don tabbatar da babu bashin banki a kansa, muka biya.

Na ɗauka an gama wahala. Ashe saye shi ne mai sauƙin. Doka a nan ita ce kowane jirgi sai an yi masa binciken shekara, duk wata 12, a hannun bakanike mai izini na musamman, in ba haka ba ba zai tashi ba. Baba ya yarda in riƙa taya shi don kuɗin aiki ya ragu, kuma ina ba duk mai jirgi shawarar ya yi haka ko da yana da hali. Kwana biyu na yi ina kwance ƙananan murafe a ƙarƙashin fiffike da cikin wutsiya, ina zuba sukurorin kowanne a kofi daban. A nan na fara ganin wayoyin ƙarfen da ke jan fiffike in na murɗa sitiyari, da idona, na taɓa su da hannuna.

Abu biyu ya gano a wannan shekarar, kuma dukansu suna iya kisa. Na farko tsagewa ce a salansa, siririya kamar gashi. Ɗumin da ke shiga mazauni lokacin sanyi daga jikin salansar ake ɗebo shi, don haka in ta tsage, hayaƙi mai guba marar wari ne zai riƙa shigowa, matuƙi ya ji barci-barci. Na biyu titin da kujera ke gudu a kai. Ramukan da ke riƙe ta sun cinye. An sha samun kujerar Cessna ta zame baya daidai lokacin tashi, matuƙi ya janyo sitiyari tare da shi ba da niyya ba, hancin jirgi ya miƙe sama. Saboda haka ne hukuma ta wajabta duba wannan titi a kai a kai. Muka sauya duka biyun. Babu fasinjan da zai shiga ya lura an kashe ko sisi, jirgin yana nan da koɗaɗɗen fentinsa.

A kan wannan ne muka yi saɓani mafi tsanani a haɗakar. Matashinmu yana so a cire tsofaffin agogunan gaba a sa manyan allunan lantarki na kamfanin Garmin irin na sababbin jirage. Ba laifinsa ba ne, suna da kyau kuma suna da amfani. Amma kuɗin da ya kawo ya kusa rabin abin da muka sayi jirgin. Ni na tsaya a kan cewa injin da ke da awa 1,400 saura masa 600, kuma ranar sauke shi tana tafe ko mun so ko mun ƙi. Na kawo shawarar asusu: duk wanda ya tashi awa ɗaya, ban da kuɗin mai, ya ajiye wani abu na inji, ba a taɓawa. Mun yi zama uku a kan maganar, har murya ta ɗan ɗaga. Malamin makarantar ne ya raba, ya ce a rubuta buƙatu a bi su bisa wanda zai fi ceton rai.

Na'urar ADS-B dole ce, domin daga 1 ga Janairu 2020 ba a shiga sararin manyan filaye kamar na Kolombus sai da ita. Ita ke sanar da masu kula da zirga-zirga inda kake. Muka sayi ƙarama mai araha da ake maye gurbin fitilar bakin fiffike da ita. Sai bel na kafaɗa mai kyau, sai na'urar jin hayaƙin nan, sai agogon da ke nuna zafin kowace silinda ita kaɗai. Allon Garmin bai shigo ba sai bayan shekara biyu, ranar da famfon iskar da ke juya agogon daidaito, wato mai nuna ko jirgi a miƙe yake ko ya karkata, ya mutu ina sama. Allah ya sa rana ce tangaran, ina ganin ƙasa. Na ga agogon yana kwanciya gefe a hankali alhali jirgin a miƙe yake, na tuna da a cikin gajimare nake shi zan bi. Da na sauka ni da bakina na kira matashin na ce yana da gaskiya a wannan. Muka sa ƙananan allunan Garmin guda biyu, samfurin G5, muka cire famfon gaba ɗaya.

Akwai ayyukan da doka ta bar wa mai jirgi ya yi da kansa, kamar juyen baƙin mai, wanke fulogi, sauya taya. Duk awa 50 ko wata huɗu nake juye mai. Fulogi takwas ne, biyu a kowace silinda, kowane rukuni da maganetonsa mai ba shi wuta, don in ɗaya ya mutu injin ya ci gaba. Na ƙasan sukan tara dalma, saboda man da muke sha, 100LL, mai launin shuɗi, har yau akwai dalma a cikinsa. Ana son a daina shi nan da 2030. Jirgin yana shan kamar galan 8 a awa, wajen lita 30. Wannan mai shi ne babban abin da ke hana irin jirginmu yaɗuwa a gida, samunsa a Najeriya aiki ne, ga tsada. Ko kwalejin Zariya ta koma sayen jiragen Diamond masu shan man manyan jirage.

Bara Yaya ya zo ganin mu. Ya so mu tashi mu huɗu, da shi da ɗansa da uwargida. Na zauna da shi da takarda na nuna masa: iyakar nauyin jirgin fam 2,300 ne, galan ɗaya na mai fam 6, in tanki ya cika kujera huɗu ba ta ɗaukar manya huɗu. Muka tafi mu biyu. Kafin mu shiga na tsiyayi mai daga ƙarƙashin kowane fiffike a ɗan kofi, na ɗaga a rana ina duba ko ruwa ya kwanta a ƙasa. Ya tambaye ni, "Kullum sai ka yi wannan?" Na ce kullum, Yaya. Muka yi addu'ar hawa abin hawa. Da muka ɗaga sama da gonakin masara, ya daɗe bai yi magana ba, sannan ya ce ta na'urar kunne, "Da Inna tana raye."

Yanzu injin yana awa 1,930. Ga mai jirgin da ba na haya ba, awa 2,000 shawara ce, ba doka ba, kuma akwai masu wucewa in inji yana lafiya. Malamin yana ganin mu wuce, ni ina ganin mu sauke shi a hunturu mai zuwa tunda asusu ya kusa cika, lokacin ma dusar ƙanƙara ta rage tashi. Ba mu yanke ba tukuna. Baba ya ce mu jira juyen mai na gaba. Ranar Asabar ne, kuma ya ce wannan karon ni zan yanke filtar, shi zai tsaya yana kallo.