Shiga tsohon rukunin goge huɗu a Jamus: abin da baƙo zai tarar

Rukunin goge huɗu siffarsa ɗaya ce ko'ina: biyolin (ƙaramin gogen Turawa) biyu, biyola (matsakaici) ɗaya, celo (babba) ɗaya, kuma babu madugu a gaba. A Jamus akwai rukunan da suka girmi kakannin masu kaɗawa a cikinsu, kamar na Gewandhaus a birnin Leipzig, wanda yake nan tun 1808. Mutum ya tafi, wani ya gaji kujerarsa. Mu baƙi da ke gadon irin wannan kujera, takardu ne ke fara cinye mana lokaci kafin kiɗa.

Cikin kwana 14 da tarewa sai ka yi rajistar adireshinka a ofishin gari, da takardar shaida daga mai gida. In ba ka yi ba, lambar haraji ba za ta zo ba, komai kuma ya tsaya. Yawancin rukunan nan ba su da albashi, kuɗin wasa ake rabawa, don haka izinin zama na mai sana'ar kansa za ka nema. Daga nan ka nemi shiga Künstlersozialkasse, asusun masu fasaha, inda kai za ka biya kusan rabin kuɗin inshorar lafiya da fansho, asusun ya cika sauran. Kada ka yi jinkiri, don tantancewar kan ɗauki watanni.

Gidan haya ma da dokarsa. Daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe ba a kiɗa. A 2018 babbar kotun tarayya ta ba da ma'auni: awa 2 zuwa 3 a ranakun aiki, awa 1 zuwa 2 ranar Lahadi da ranakun hutu. Wannan bai isa makaɗin gaske ba, sai ka kama ɗakin atisaye a waje.

Hunturun farko shi ke gwada kayan kiɗa. Katakon yana son danshi tsakanin kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari, amma da an kunna hita sai na ɗaki ya faɗo ƙasa da 30. Katako ya tsuke, turakun tsirkiya su sake, jaki (ɗan katakon da ke tokare tsirkiya) ya sunkuya, murya ta bushe. Idan ka ji wani zizar da ba ka saba ji ba, galibi gam ne ya saki a gefe. Kada ka firgita, kuma kada ka taɓa shi da gam na kanti: da gangan ake amfani da na fata mai rauni, don ya saki kafin fuskar gogen ta tsage. Kai wa magyari. Ka ajiye ma'aunin danshi cikin akwati, in kuma ka shigo daga sanyi ka bar akwatin a rufe kamar minti 20.

Sai kunne. Wanda ya taso a kan sautin A mai girgiza 440 a daƙiƙa zai tarar ana ɗaure tsirkiya a 442 ko 443. Tazarar kaɗan ce, amma makonnin farko yatsu kan sauka ƙasa da sautin sauran makaɗan uku. Abin da ya fi wannan nauyi shi ne takardun kiɗan da za a miƙa maka, cike da fensirin wanda ka gada: inda baka (sandar goga tsirkiya) zai hau, inda zai sauka, inda za a ja numfashi a kiɗan marubuta irin su Haydn ko Beethoven. Shawarata, kada ka goge ko ɗaya sai ka yi shekara kana kaɗawa da su. Kowace alama gardama ce da aka riga aka yi aka gama, kuma sauran ukun a kanta suka jingina.

Kiɗan zamani yana da nasa wahalar. Wasu marubutan suna so a bugi tsirkiya da sandar baka, abin da ke kankare fentinta, shi ya sa ake riƙe baka na biyu na kabon. Wasu kuma suna so a sassauta tsirkiya zuwa wani sauti, ita kuwa ba ta komawa daidai nan take, sai a sa irin wannan kiɗan dab da hutun rabin lokaci.

In za ku fita Tarayyar Turai, ko da Ingila ce, duba kan bakanka. Tsofaffi da yawa hauren giwa ne a jiki, kuma sai da takardar izini ta CITES (yarjejeniyar kare namun daji da tsirrai masu fuskantar ƙarewa), wadda hukumar kare muhalli ta tarayya da ke Bonn ke bayarwa na shekara 3. Mai celo kuma ya saya wa gogensa kujera a jirgi tun da wuri, don ba kowane kamfani ke sayar da ita ta intanet ba.