Sifikun Baba sun dawo falo

Jiya na ɗauko tsofaffin sifiku biyu ƙirar Sansui wajen wani dattijo mai gyaran rediyo a Sabon Garin Kano. Irin 'yan Japan ɗin nan na shekarun 1970, masu fuskar katako sassaƙaƙƙiya kamar tagar gidan sarauta. Irinsu ne a falon mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, aka sayar da su tun ina firamare.

Kafin mu fara ciniki ya ce, "Yaro, danna takardar babban bakin a hankali. In ka ji tana gugar wani abu, wayar ciki ta ƙone." Na danna, shiru. Zoben gefen ma na yadi ne, shi ya sa ya kai yau. Na soso da tuni zafi ya mai da shi gari.

Sai da muka kama mu biyu kafin kowace ta shiga mota, nauyi kamar buhun gero.

Da daddare na sa kaset. Da kalangu ya tashi, a ƙirji na ji shi. Hajiya ta leƙo daga ɗaki, ta tsaya a bakin ƙofa har waƙar ta ƙare.