Makullin da na raba biyu

Ran Juma'a na miƙa makullan biro, bayan shekara uku. Abokan aiki sun ce in rubuta wani abu don sababbin da za su zo, to ga shi, amma kusan duka a kan maganar shagon Tasawa ne, don ita ce har yau take hana ni barci.

Kun san manhajarmu ta lissafin bashin ƴan kasuwa tana rufe bayananta da makullin sirri na kwamfuta, wato dogon jerin haruffa, irin da ake kira RSA 2048. In ka buɗe shi a rubuce, haruffa ne wajen 1,700. Ni a Ubuntu nake aiki, wani tsarin kwamfuta daban da Windows, kuma can ma'ajiyar sirri ta karɓe shi ba gardama. Amma kwamfutocin shaguna duka Windows ne, shi kuwa Credential Manager, ma'ajiyar sirri ta Windows, ba ya karɓar abin da ya wuce bayit 2,560 (bayit shi ne ma'aunin girman bayani a kwamfuta). Na san wannan adadi sarai, shi ya sa ma na saki jiki: 1,700 ai bai kai ba. Abin da na manta shi ne keyring na Python, kayan aikin da manhajarmu ke ajiye sirri da shi, yana rubuta sirri a Windows da tsarin UTF-16, kowane harafi bayit biyu. Kenan bayit 3,400 nake turawa ta ƙofar da bayit 2,560, wato haruffa 1,280, kawai ke wucewa. Ranar da muka je girkawa a babbar kasuwa, sai kuskure mai lamba 1783 ya fito, saƙon da ke biye da shi kuma bai ce uffan kan girma ba.

Alhaji mai shagon na zaune yana kallona, patron, maigidanmu a biro, na ta buga waya. Sai na yi dabarar gaggawa: na yanka makullin gida biyu, na ajiye kowane rabi da sunansa, in za a karanta a haɗa. Ya yi aiki, har aka yaba mini. Wata bakwai ba wanda ya ji komai.

Sai lokacin sauya makulli ya zo, cikin zafin Afrilu. A shagon Tasawa manhaja ta sake rufe bayanai da sabon makulli, ta rubuta rabin farko na makullin, wuta ta ɗauke kafin ta rubuta na biyu. Da aka kunna, kai na sabo ne, wutsiya ta tsoho. Rubutu biyu ba sa zama ɗaya don kawai ka jera su a layi biyu, kuma ban bar wata hanyar komawa baya ba. Kwafin bayanan da ke kan sabarmu, babbar kwamfutar ajiyarmu, na kwana uku baya ne. Bashin kwana uku na buhunan aya da wake, yaran shago suka yi ta tono shi daga ƴan takardu da ƙwaƙwalwarsu.

Laifina ne, ban musa ba. Abin da ban yafe ba shi ne yadda patron ya tsaya gaban mai shago ya ce, "Alhaji, ka yi haƙuri, yaron ne bai gwada ba." Sau uku na roƙe shi kwamfuta mai Windows ta gwaji, ko ta hannu ce, ya ce kuɗin ya fi amfani a man babur. Alhaji ya dube ni ya ce, "Ɗana, haka ne?" Na ce, "Haka ne, ranka ya daɗe." Me zan ce?

Gyaran da na yi daga baya dare ɗaya ya ɗauke ni. Manhaja ta ƙirƙiri ƙaramin makulli na AES (wani tsarin rufe bayanai), bayit 32, shi kaɗai ke shiga ma'ajiyar Windows. Babban makullin a rufe shi da wannan, a rubuta shi a sabon fayil, a karanta a tabbatar ya buɗu, sannan a sauya masa suna ya maye gurbin tsohon. Ko wuta ta ɗauke, ko dai tsohon yana nan cif, ko sabon. Wanda aikinsa Windows kaɗai ne, DPAPI ma, hanyar rufe bayanai ta Windows ɗin kanta, ya ishe shi, tunda ba ya da wannan iyaka. Tun daga nan ba shagon da ya sake kira a kan makulli, kodayake ba wanda ya taɓa faɗin haka a taro.

Saura kuwa: ku ƙirga bayit, ba haruffa ba. Ku zare wayar wuta da hannunku a tsakiyar gwaji. Abin da kuka roƙa aka hana, ku roƙa a rubuce ta WhatsApp.

Kwamfutar gwajin an saye ta mako biyu bayan Tasawa. Tana kan teburin kusurwa, batirin ba ya riƙe caji.