Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Ƙarfen ƙuguna da lafiyar ƙodata

Makon jiya na tsaya ne a inda sakamakon gwajin jinina ya fito. Waɗanda suka biyo ni tun farko sun san ciwon sikila ne ya cinye mini kan ƙashin cinya, har 'yan uwa suka yi karo-karo aka kai ni Indiya aka sa mini gaɓar ƙugu ta ƙarfe. Na dawo Sakkwato ina taka ƙafata ba sanda, na ɗauka magana ta ƙare.

Likitan da ya duba ni a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo ya ɗaga hoton ƙashina wajen hasken taga, sannan ya dunƙule hannunsa ya sa cikin tafin ɗayan yana murzawa. Ya ce, "Malam, haka naka yake aiki. Ƙwallon ƙarfe ne, mazauninsa ma ƙarfe ne. Duk takun da ka yi suna gugar juna." Daga wannan guga ake samun ɓurɓushin da ido ba ya gani, na ƙarafa biyu, kobalt da kromiyam, su narke su shiga jini. Ya ce a 2010 wani kamfani ya janye irin wannan gaɓa daga kasuwannin duniya, kuma hukumar kula da magunguna ta Birtaniya ta ce a ƙara bincike a kan duk wanda ɗayan ƙarafan ya kai maikirogiram 7 a litar jininsa. Nawa bai kai ba, alhamdulillahi, amma ya ce kada in saki jiki.

Na tambaye shi kai tsaye ko ƙarfen zai kashe mini ƙoda. Amsarsa ce ta sa nake rubuta wannan kashi. Ya ce masu lafiyayyar ƙoda da aka bibiya shekaru bayan aikin, galibi ba a ga ƙarfen ya lalata musu ita ba. Abin tsoron ta ɗaya gefen yake. Ƙoda ce ke tace ƙarafan ta fitar da su cikin fitsari, idan ta yi rauni sai su taru, kuma kobalt idan ya yi yawa yana iya taɓa ji da gani da zuciya. Shi ya sa tun asali ba a so a sa wa mai ciwon ƙoda irin wannan gaɓa. Ni kuwa sikila kanta tana cin ƙoda a hankali, ko da ƙarfe ko babu.

Da ya tambayi abin da nake sha idan ciwo ya tashi, sai na fito da ƙullin leda daga aljihu, haɗin da ake ba mu a kemis, ja da fari da ruwan ɗorawa, ba kwali ba suna. Ya baje su a tebur ya ware diklofenak da ibufurofen da bakin biro, ya ce waɗannan sun fi ƙarfen barazana ga ƙodata, musamman a zafin Afrilu da ke wuce digiri 40, jiki na zubar da gumi ba a mayar da ruwa. Wannan ya tsaya mini a rai, don na san 'yan sikila da yawa a garin nan da ke rayuwa kan wannan haɗi, kuma ba mai gaya musu.

Ya rubuta mini gwajin kiriyatinin, wato gwajin jini da ke nuna yadda ƙoda ke aiki, da na fitsari da zan riƙa maimaitawa, ya ce in lura da hawan jini.

Da na isa gida, Inna tana zaune bakin ɗaki ta ce, "Mi likita ya ce?" Na zayyana mata komai. Ta ce, "To azumi hwa?" Wannan tambaya ta kai mu har gaban malami, ita zan ba ku mako mai zuwa in Allah ya kai mu.