Ranar da na rufe kakar 1976

Asabar, bayan sallar isha'i.

Yau na kammala kakar wasa ta 1976 a gasar ƙwallon besbol da nake gudanarwa a cikin kwamfuta, wadda na faro daga 1901, shekarar da American League ta zama babbar gasa a Amurka. Manhajar wasan ce ke buga wasannin da kanta bisa alƙaluman 'yan wasa na gaskiya, sannan akwai wata ƙaramar manhaja ta biyu da ke karɓar bayanan da ta farkon ta fitar, ta tsara su a matsayin tarihi: wanda ya ci kofi kowace shekara, abin da kowane ɗan wasa ya yi tun daga wasansa na farko har ya yi ritaya, da jerin waɗanda suka fi kowa a kowane fanni. Wannan ta biyun ce ta cinye mini yinin yau.

Abin da nake ɗokin gani ɗaya ne. A tarihi na gaskiya, Hank Aaron ya wuce Babe Ruth a ranar 8 ga Afrilu, 1974, a yawan bugun da ke tsallakar da ƙwallo bayan shinge, ya kuma ajiye sanda a ƙarshen 1976 da bugu 755, alhali Ruth ya tsaya a 714. Na so in ga yadda lissafin ya kaya a tawa gasar. Da ƙarfe tara na safe na danna maɓallin sabunta tarihi, na tashi na haɗa shayi, ina zaton kafin in shanye an gama. Har aka kira azahar sandar da ke nuna ci gaban aiki ba ta kai rabi ba, fankar kwamfutar tana ta gurnani, ƙasanta kuma ya yi zafin da sai da na ɗora ta a kan littattafai biyu don iska ta ratsa.

A shekarun farko na gasar, wannan aiki bai taɓa wuce minti biyu ba. Na san kayan sun ƙaru. Daga 1901 zuwa 1960 ƙungiyoyi 16 ne, kuma a mafi yawan waɗannan shekaru kowace tana buga wasa 154, wato wasanni 1,232 a kaka. A 1962 an kai ƙungiyoyi 20 masu wasa 162 kowace, a 1969 aka kai 24, wanda ya sa kaka ɗaya ta koma wasanni 1,944. Da na tara duka sai na ga wasannin gasata sun haura dubu 100, kowanne da fayil ɗinsa. Sai dai abin da ya ɗaure mini kai shi ne lokacin jira ya ƙaru fiye da yadda wasannin suka ƙaru, nesa ba kusa ba.

Bayan la'asar ƙanena ya shigo, shi kuma aikin rumbun bayanai ne sana'arsa. Ya zauna ya buɗe allon da ke nuna abin da kwamfutar ke yi, ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce, "Yaya, ai ba kakar 1976 take ƙarawa ba. Daga 1901 take sake ginawa duk lokacin da ka danna." Ya nuna mini cewa teburin da ke ɗauke da abin da kowane ɗan wasa ya yi a kowane wasa ya wuce layi miliyan biyu, kuma babu fihirisa a kan lambar ɗan wasa. Ma'ana, idan manhajar tana son jimillar mutum ɗaya, sai ta karanta teburin daga sama har ƙasa, kamar mai neman suna a littafin da ba a jera shi bisa haruffa ba, sannan ta maimaita haka ga kowane ɗan wasa cikin dubbai. Tunda layukan suna ƙaruwa, 'yan wasan ma suna ƙaruwa, idan tarihi ya ninka sau biyu aikin kan ninka kusan sau huɗu. Ga kuma manhajar kariya daga ƙwayoyin cutar kwamfuta da ke tsayawa ta bincika kowane ƙaramin fayil kafin ta bari a buɗe shi.

Muka katse aikin. Ya sa fihirisa a kan lambar ɗan wasa da kuma shekara, ya cire jakar fayilolin gasar daga cikin wuraren da manhajar kariya ke bincike, muka sake dannawa. Cikin minti 11 ta gama. Batun sake gini daga tushe kuwa yana cikin ƙirar manhajar, ba mu da hannu a kansa, don haka jiran zai sake tsawaita sannu a hankali.

Ya ba ni shawarar in goge bayanan wasa-wasa na shekarun baya in bar jimillar kaka kawai, kamar yadda masu irin wannan gasa da yawa suke yi. Na ƙi. Saboda in iya buɗe wani wasa na watan Yulin 1927 in ga wanda ya yi jifa da wanda ya yi bugu nake ajiye tarihin tun farko, kuma a ganina mai ƙera manhajar tarihi ya kamata ya sa a ransa cewa wata rana wani zai kai shekara 76 a cikinta.

Da jerin masu yawan bugun da ke tsallake shinge ya buɗe, ba Aaron ne a sama ba, ba kuma Ruth ba. Willie Mays ne, wanda a zahiri ya tsaya a 660 bayan aikin soja ya ɗauke masa mafi yawan kakar 1952 da dukan ta 1953, amma a gasata babu wanda ya kira shi soja. Gobe zan buɗe 1977, inda ƙungiyoyin Seattle da Toronto za su shigo, wasannin kaka su zama 2,106.