Na zuba gas sau biyu, ashe fanka ce ke kashe mini AC

Motata 'yar Kwatano ce, ƙirar Japan ta 2004, kuma da ita nake zirga-zirga tsakanin Birnin Kebbi da Jega kusan kullum. A azumin 2024, wanda ya faɗo cikin Maris da Afrilu, lokacin da zafin garin nan kan haura digiri 40, AC ɗinta ta ɓullo da wani sabon hali. In ina gudu a babbar hanya, sanyi kamar ƙanƙara. Da na shigo gari na tsaya a cunkoson bakin kasuwa, sai iska mai ɗumi ta fara bugun fuskata. In na sake taka mota, sanyin ya dawo.

Na yi abin da kowa ke yi, na kai wa mai zuba gas. Ya zuba, na biya. Bayan kwana huɗu na koma, ya ƙara. Ko kusa bai leƙa gaban lagireto ba, ni ma ban san in ce ya leƙa ba. Sai ga fiyus ya ƙone. Wani yaro a bakin hanya ya zare sililin waya ya naɗa a ƙafafun fiyus ɗin ya mayar, ya ce in tafi, an gama. Wannan shi ne kuskuren da har yau nake jin zafinsa, domin washegari da la'asar, ina ɗauke da mahaifiyata da yara biyu, warin ƙonanniyar roba ya cika motar. Na gangara gefe na kashe inji, hannuna na rawa na cire kan batir.

Wani dattijon rewaya aka haɗa ni da shi. Ya saurari bayanina har ƙarshe bai katse ni ba, sannan ya ce, "Alhaji, wagga mota ba gas take nema ba. Buɗe bonet." Da ya ɗaga murfin akwatin fiyus, sai ga gurbin rile na fanka, wato ɗan makunnin da ke ba ta wuta, ya narke ya yi baƙi, robar ta lanƙwashe kamar an ɗora ta a kan garwashi. Ya sa yatsa ya juya fankar da ke wajen lagireto. Maimakon ta yi ta juyawa da kanta, da ƙyar ta motsa, tana ƙara kamar ana niƙa tsakuwa.

Ga yadda ya fahimtar da ni. Kwandensa, wato faffaɗan abin nan da ke gaban lagireto, shi ke fitar da zafin da gas ya kwaso daga cikin mota. In kana gudu, iskar hanya na huce shi. In ka tsaya, fanka kaɗai ce madogara. To idan ta gaza, matsin gas sai ya hau, akwai kuma wani ɗan makunni da ke lura da matsin, shi sai ya yanke wa kulocin kwamfaresa, wato injin da ke tura gas ɗin, wuta don kada ta lalace. Kenan motar kāre kanta take yi, ni kuma ina ta ɗura mata gas, wanda in ya yi yawa ƙara matsin yake. Fankar kuwa, ƙurar hunturu ta shekara da shekaru ta cinye mata ciki, ta yi nauyi, tana jan wuta fiye da ƙima. Abin da ya ƙona fiyus ke nan. Da aka maye gurbinsa da waya, zafin da ya kamata ya tsinka shi sai ya sauka a kan rile da wayoyi.

Abin da ya burge ni shi ne tsarin bincikensa. Bai kwance komai ba sai da ya auna batir: volt 12.6 mota a kashe, ya tayar da inji ta hau 14, ya ce altaneta mai cajin batir lafiya lau, don tsakanin 13.5 da 14.5 ake nema. Ya bi fiyus ɗaya bayan ɗaya da kwan gwaji, yana taɓa kowane gefe. Ya kai wa fanka wuta kai tsaye daga batir don ya tabbatar laifinta ne. Daga nan ya kwance wayar da ke ɗaure a jikin ƙarfen mota, wadda wuta ke komawa ta cikinta, ya same ta da tsatsa, ya goge da samfefa har ta yi ƙyalli. Ya ce sau da yawa tsatsar nan kaɗai kan sa mutum ya sayi kayan da ba ya buƙata. Ya kuma nuna mini dabarar musanya rile da na hon, in lambarsu ɗaya ce, don a gane ko shi ne ya mutu.

Kafin in tafi na ambata masa cewa fankar cikin mota ma ta daɗe ba ta aiki sai a lamba ta ƙarshe. Ya ce rezista ce, wato abin da ke rage wa fankar gudu, domin lambar ƙarshe ba ta bi ta cikinta. Iskar fankar ce ke huce ta, saboda haka in matatar iska ta toshe, sai rezistar ta ƙone. Da ya zaro matatar daga bayan akwatin dashbod, jar ƙasa ce da ɓawon shinkafa, har da kashin ɓera. Laifina ne, nakan bar buhun shanshera ya kwana a mota.

Mun sauya fanka da rile da gurbinsa da rezista, aka rage gas zuwa adadin da ke rubuce a takardar ƙarƙashin bonet. Yanzu ina ajiye fiyus na kowane launi a ƙaramar leda: ja na amfiya 10, shuɗi 15, rawaya 20, kore 30, kuma ba na sa wanda ya fi lambar da aka rubuta. In ya sake ƙonewa nan take, wurin rewaya na nufa. Ƙarshen kowane hunturu nakan wanke kwandensa da ruwa a hankali, na hana masu wankin mota fesa wa akwatin fiyus ruwa, kuma ko ana sanyi nakan kunna AC minti 10 a mako don man kwamfaresa ya zagaya.

Ranar da na karɓo motar, da gangan na je na tsaya a cunkoson nan na bakin kasuwa da tsakar rana. Na kasa kunne, na ji kuloci ya kama, fanka ta tashi, sanyi kuma bai yanke ba har na wuce.