Agola a gaban alƙali

Jiya bayan la'asar ɗan ƙanwata ya shigo shago da takardar sammaci a hannu yana huci, wai agolansa aka kama da wayar sata, kotun yara ta ce iyaye su bayyana, shi kuma ba inda za shi tunda uban yaron na nan da ransa. "Kawu ni meye nawa a ciki?" Wallahi sai da gabana ya faɗi, don kalmar da ta fito daga bakina kenan shekarun baya.

Ni ma na auri matata da ɗanta ɗan shekara 11. Ni ke ci da shi, ni ke biyan kuɗin makaranta, har fom ɗin makarantar ma sunana na rubuta a gurbin uba. Da ya kai 14 ya biye wa yaran unguwa suka fasa wani shago, aka kawo sammaci na ƙi zuwa, na ce a nemi ubansa. Kuma fa ina da hujja, a fiƙihunmu na Malikiyya ciyar da yaro wajibin ubansa ne ba mijin uwa ba, riƙo ma idan uwa ta yi aure ta tare kakarsa ta wajen uwa yake komawa, ni alfarma na yi. Har gobe ina ganin an ɗora min kayan wani, mutumin da ko sabulu bai taɓa aikowa ba. Amma dokar yara da matasa ta Arewa tun ta 1958 ba iyaye kaɗai ta ce ba, ta ce iyaye ko mai riƙo, mai riƙo kuwa shi ne duk wanda kotu ta ga yaron na hannunsa a lokacin. Ranar da dole ta sa na je, tambaya biyu alƙali ya min, a gidan wa yake kwana, wa ke ba shi abinci. Shikenan. Aka ce in biya mai shago asararsa, in sa hannu zan kula da tarbiyyarsa.

Kuɗin na biya na manta. Abin da ya ƙi barina shi ne na miƙe a kotu na ce "ranka ya daɗe ba jinina ba ne", yaron na tsaye kusa da ni da silifa ƙafa ɗaya, ya ɗago ya kalle ni ya sunkuyar da kai. Uwarsa ta yi wata guda ba ta haɗa ido da ni ba.

Ku yaran yanzu ba kwa jin magana, kun ga bidiyon minti ɗaya a TikTok kun zama lauyoyi. Auren uwa da tarewar yaro a gidanka daban ne, tarewar ce ke ɗaure ka, to ku zauna da dangin uban a yi maganar riƙo tun kafin ɗaurin aure. Kar ka sa hannu a takardar da ba ka karanta ba, musamman ta beli, in yaro ya gudu kai za a riƙe. Amma in babu mai tsaya masa, tsaya masa kawai, kar ka bar shi ya kwana a gidan gyaran hali. Sammaci kuma in ya zo ka je.

Yaron nan yanzu magidanci ne, yana gaishe ni da ladabi duk sallah, amma da yana ce min Baba, tun ranar nan sai dai Alhaji. Litinin ni zan raka ɗan ƙanwar tawa kotu ko yana so ko ba ya so.